Gano adireshin IP na kwamfuta

Adireshin IP lamba ce da ake bai wa kwamfuta ko waya idan ta shiga hanyar sadarwa, domin saƙo ya san inda zai je. Ana iya gano shi ta hanyar rubutaccen umarni, wato gajeren shirin da kwamfuta ke aiwatarwa da kanta.

Tarihi

An bayyana tsarin IPv4 a shekarar 1981. Yana da adireshi kusan biliyan 4.3, kuma hukumar IANA ta raba kason ƙarshe da ya rage mata a watan Fabrairun 2011. Saboda ƙarancin ne aka ƙirƙiro IPv6. A Afirka, hukumar AFRINIC da ke Mauritius ce ke raba adireshi ga kamfanonin sadarwa.

Ire-irensa

Yawancin kwamfutoci suna da adireshi biyu. Na ciki shi ne wanda rauta ke bayarwa ta tsarin DHCP, kuma sau da yawa yana farawa da 192.168 ko 10. Na waje shi ne wanda shafukan intanet ke gani. Adireshin ciki yakan canza idan an sake haɗa na'ura, shi ya sa ake amfani da umarnin da zai nemo shi a kowane lokaci.

Yadda ake gano shi

A Windows, umarnin ipconfig yana nuna adireshin ciki. A Linux kuwa ana amfani da ip addr ko hostname -I. A yaren Python akan yi amfani da socket, sai dai wani lokaci yakan dawo da lamba mai farawa da 127, wadda kwamfuta ke kiran kanta da ita, ba ta da amfani wajen haɗuwa da wata na'ura. Adireshin waje kuma sai an tambayi wata sabar da ke intanet, kamar da umarnin curl ifconfig.me.

A Najeriya

A yankunan kudancin Kano irin su Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, yawanci ana shiga intanet ta layukan waya kamar MTN da Airtel. Kamfanonin waya sukan haɗa mutane da yawa a kan adireshin waje ɗaya. Don haka wannan adireshi ba ya nuna takamaiman mutum ko garinsa, yakan ma nuna wani birni mai nisa. Mai son haɗa firinta ko kwamfutocin makaranta, adireshin ciki zai nema.