Tarihin Maikuroskof Mai Foton Biyu

Maikuroskof mai foton biyu na'ura ce da ke amfani da hasken leza wajen leƙa cikin tsokar halitta mai rai ba tare da an yanka ta ba. Tushen aikinta shi ne ƙwayar sinadari na iya haɗiye foton biyu, wato ƙwayoyin haske biyu masu rauni, a lokaci guda, sai ta haskaka kamar foton ɗaya mai ƙarfi ta haɗiye.

Maria Goeppert-Mayer ce ta fara nuna yiwuwar haka da lissafi a 1931, cikin kundin digirinta na dakta a Jami'ar Göttingen ta Jamus. Da sunanta ake kiran ma'aunin wannan haɗiya, GM. A zamaninta babu fitilar da haskenta ya kai a gwada lissafin. Sai da Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, sannan wasu masana biyu, Kaiser da Garrett, suka tabbatar da lissafin a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1961.

A 1990 ne Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb na Jami'ar Cornell suka mayar da wannan ilimi na'urar gani, da leza mai harba haske a gajerun walƙiya masu ƙarfin gaske. Da yake haɗiyar ba ta faruwa sai a ɗigon da hasken ya taru, tsokar da ke sama da ƙasa ba ta illatuwa sosai. Hasken da ake amfani da shi kuma, wato infirared, ba ya saurin warwatsuwa, don haka ana iya hango jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai har zurfin kusan milimita ɗaya. Wannan aiki ya sa Denk da wasu masana uku suka sami kyautar Brain Prize a 2015.

Ɗigon nan da haske ke taruwa ya zama kayan sassaƙa ma. A 1997 Shoji Maruo da Osamu Nakamura da Satoshi Kawata na Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna cewa ruwan roba na daskarewa a daidai inda hasken ya taru kawai. A 2001 ayarin Kawata ya ƙera siffar bijimi mai tsawon maikuromita 10, kusan girman jar ƙwayar jini. Kamfanin Nanoscribe, wanda aka kafa a Karlsruhe a 2007, ya shigar da dabarar kasuwa. Yau da ita ake ƙera ƙananan gilasan tara haske a bakin zaren gilashi, da sassan da ake renon ƙwayoyin halitta a kansu.