Wutar Daji da Masu Aikinta a Ƙasar Garwa

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Garwa zuwa Ngawundare a watan Disamba, da wuya ya kai rabin tafiya bai ga hayaƙi ba. Da rana shirwa suna shawagi bisa harshen wuta suna cafke fara, da dare kuwa gefen duwatsu ya yi ja wur. Haka abin yake tun kaka da kakanni. Abin da ya sāke a cikin shekaru ɗari da suka wuce shi ne yadda hukuma take duban wutar, da irin mutanen da aka ɗora wa aikin lura da ita.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, a arewacin Kamaru. Ruwan sama da take samu a shekara bai yi nisa da milimita 1,000 ba, kusan dukansa kuwa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. A cikin waɗannan watanni gamba takan yi tsawo har ta shanye mutum. Sa'ad da iskar hunturu ta taso, sai duk ciyawar nan ta bushe, ta zama makamashi shimfiɗe ƙarƙashin doka da marke da baushe da kaɗanya. Mutanen ƙasar ba su taɓa ɗaukar wuta abin mamaki ba. Makiyayi yana toye tsohuwar ciyawa domin sabon toho ya fito wa shanu, kaska kuma ta ragu. Maharbi yana sa wuta domin ya ga sawun nama. Mai cin zuma yana bukatar hayaƙi. Manomi yana ƙone kewayen gari da wuri, domin in babbar gobara ta zo daga baya, ta tarar ba abin da za ta ci kusa da rumbuna.

Jamusawa suka ci Garwa a shekara ta 1901, a 1915 kuma sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta daga hannunsu. Bayan yaƙi, wannan yanki ya zauna a hannun Faransa. Su ne suka keɓe dajin Binuwai a 1932, da na Waza a 1934, domin namun daji. Malaman dajin da suka zo a lokacin sun yi karatunsu a Turai, inda gobara a kurmi asara ce zalla. Da suka ga daji yana ci da wuta kowane rani, sai suka ɗauka ɓarna ce da jahilci.

Babba a cikin waɗannan malamai shi ne André Aubréville, wanda aka haifa a 1897. Ya fara aikin daji a Kwaddebuwa, daga baya ya zama mai duba dazuzzukan ƙasashen da Faransa take mulki. Yana cikin ayarin malaman Ingila da Faransa da suka zaga iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, domin su bincika maganar E. P. Stebbing cewa Sahara tana gangarowa kudu. Ayarin bai ga shaidar haka ba. Duk da haka Aubréville ya tsaya a kan cewa yawancin dajin ciyawa na Afirka dā kurmi ne, gatari da wuta ne suka mai da shi haka. Littafinsa na 1949 ne ya yaɗa maganar kwararowar hamada a duniya, a 1950 kuma ya fitar da littafin itatuwan waɗannan dazuzzuka, har da na Kamaru.

Amma fa mutumin bai tsaya ga zato ba. A 1936, a Kokondekro kusa da Bouaké, ya yanki fili uku a daji ɗaya. Na fari aka hana masa wuta sam. Na biyu ana ƙone shi a Disamba, ciyawa tana da sauran danshi. Na uku sai a Maris, sa'ad da komai ya bushe ƙayau. Aka ci gaba da haka shekara da shekaru, har bayan rasuwarsa a 1982. Filin da aka hana wa wuta ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonewa a Maris ya koma ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi. Na Disamba kuwa ya riƙe itatuwa masu yawa, har ma kurmi ya kama a inda ƙasar take da ƙarfi. Turawan Ingila sun fara irin wannan gwaji a Olokemeji ta ƙasar Yarbawa tun 1929, abin da suka gani kuwa ya yi kama da wannan.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Wutar farkon rani tana tafiya a hankali, harshenta gajere, takan tsallake fadama da inuwa, raɓar dare kuma ta kashe ta. Wutar ƙarshen rani tana samun busasshen makamashi da iska mai ƙarfi da zafin da yakan wuce digiri 40 a Garwa. Takan hau har kan itatuwa, ta kashe ƙananan da ba su yi kaurin ɓawo ba, ta bar ƙasa tsirara gaban ruwan fari. Hana wuta ɗungum kuwa a daji mai faɗi, inda mutane suke kai da kawowa, tara ciyawa ne kawai domin gobarar da ta fi muni. Wato gwajin da aka kafa domin a nuna sharrin wuta, shi ne ya nuna cewa lokacin sa ta ne abin lura. Sannu a hankali hukumomin daji suka karɓi ƙunar farko ta zama aikinsu. A Kamaru, René Letouzey, wanda ya iso a 1945, ya shafe shekaru yana yawo da ƙafa yana tattara ganyaye, ya kuma fitar da babban bincikensa a kan tsire-tsiren ƙasar a 1968. A kan irin wannan sani ne na baya suka gina.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, aikin ya fara komawa hannun 'yan ƙasa. A 1968 aka mai da Binuwai da Waza manyan gandayen namun daji na ƙasa; Binuwai kaɗai eka ce ta Turai, wato hekta, 180,000. A 1970, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe makarantar koyon kiwon namun daji a Garwa, domin ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, kamar yadda aka buɗe ta Mweka a Tanzaniya a 1963 domin masu Ingilishi. Ɗalibai daga ƙasashe fiye da ashirin sun bi ta cikinta, suka koma suka riƙe gandaye a ƙasashensu.

Aikin da irin wannan malami yake yi a Binuwai ko Faro ko Buba Njida ba na ofis ba ne. Da ɗaukewar ruwa sai a share hanyoyin cikin gandu da adda da fartanya, domin su zama iyakar wuta. Sa'an nan a bi daji yanki-yanki, ana duba ciyawa a hannu: in ta yi ɗanye ba za ta kama ba, in ta bushe sarai an makara. Ana sa wuta da la'asar, domin sanyin dare ya taimaka. Bayan 'yan makonni toho ya fito, gwanki da kanki da mariya da ɓauna su taru a kansa. In kuwa gobara ta ɓullo a Fabrairu, ba motar ruwa a tsakiyar daji. Ɗanyun rassa ne makami. Inda harshen ya fi ƙarfin duka, sai a ja da baya zuwa wata hanya ko rafi, a kunna wata wuta ta tafi ta tari mai zuwa, su haɗu su mutu. Wanda bai karanta iska daidai ba, ko ya tsaya a saman tudu wuta tana hawowa, ransa ne a bakin ƙaya.

Dokar daji ta Kamaru ta 1994, da umarnin da ya bi ta a 1995, sun haramta wutar ƙarshen rani, suka sa ƙunar farko ƙarƙashin izinin hukumar yanki. A wajen bincike kuma aka sami sabon ido. Taurarin ɗan Adam da Amurka ta harba a 1999 da 2002 suna ganin wuta daga sama kowace rana, sun kuma nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar da take ƙonewa a duniya a Afirka take. Paul Laris, da ya yi bincike a kudancin Mali, ya nuna a 2002 cewa manoma suna ƙona daji kaɗan-kaɗan tun farkon rani da gangan, har ƙasa ta zama kamar rigar faci, babbar gobara ta rasa hanya. Abin da tsofaffin ƙauye suke yi ke nan tun kafin a kafa fili uku na Kokondekro.

Wani bincike na 2017 ya nuna cewa faɗin ƙasar da take ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, musamman domin gonaki sun cinye dajin ciyawa. Kwarin Binuwai shaida ne. Tun daga shekarun 1970 manoma suka yi ta gangarowa daga wajen Marwa, kamfanin auduga na Sodecoton ya kafu a 1974, aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Daji ya matse, makiyayi da manomi da malamin gandu suka koma suna duban ciyawa ɗaya, kowa da ranar da yake so a ƙone ta. Ga kuma bindiga: a 2011 aka tabbatar cewa irin karkandar da ta rage a arewacin Kamaru ta ƙare, a farkon 2012 kuma mahara suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. Mai gadin da yake fama da waɗannan, shi ne dai ake jira ya share hanyar wuta kafin Disamba.

Shari'ar Musa, a Littafin Fitowa sura 22, ba ta hana kunna wuta ba, amma ta ɗora biyan diyya a kan wanda wutarsa ta ci hatsin maƙwabcinsa. Shekaru tamanin na bincike sun kai malaman daji kusa da wannan matsayi. A ƙasar Garwa daji zai ƙone ko an so ko an ƙi. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne wane wata, da wane yanki, da kuma wanda zai amsa in ta tsallake iyaka.