Sunayen Ƙauyuka a Matsayin Madogarar Tarihin Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta na tarihin ƙasar Hausa labarin birane ne da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Littattafan girgam na Kano da Katsina da Zazzau sun jera sunayen sarakuna da yawan shekarun da kowannensu ya yi bisa gadon sarauta, amma ba su kula da manomin da ya sari daji ba, ko makiyayin da ya kafa ruga, ko bawan da aka zaunar a rinji. Waɗannan mutane ba su bar rubutu ba, sai dai sun bar sunayen wuraren da suka zauna. Idan aka tattara sunayen nan aka dube su da idon basira, za a ga yadda ƙasa take a dā, da irin aikin da aka yi a kanta, da kuma abin da ya sa mutane suka tashi daga wani wuri suka koma wani.

Siffar ƙasa da ruwa

Abin da mai neman mazauni yake fara dubawa shi ne ruwan sha da wurin fakewa daga abokan gaba. Saboda haka ne tsofaffin garuruwa da yawa suke a gindin duwatsu, kuma sunan dutsen ya bi garin. Akwai Dutse a Jihar Jigawa, da Dutsin-Ma a Jihar Katsina, da Dogon Dutse a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar. Birnin Kano kansa ya tsiro ne daga gindin Dala da Gwauron Dutse, kuma masu haƙar kayan tarihi sun sami alamar cewa ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Dutse yana tara ruwa a gindinsa, yana ba da tama ga maƙera, ga shi kuma mahayan dawaki ba su iya hawansa.

Inda babu dutse, sai a dubi rijiya ko rafi ko tafki ko fadama. Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki sun zama unguwanni a cikin Kano, amma sunayensu suna nuna cewa ruwa ne ya fara tara mutane a can. Kalmar jigawa tana nufin ƙasa mai rairayi wadda ta fi dacewa da gero da gyaɗa da wake, ita ce kuma aka laƙaba wa jihar da aka cire daga Kano a 1991.

Wani lokaci suna yakan riƙe siffar da ƙasa ta rasa. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta sami sunanta daga duhuwar itatuwa da ke bakin Jakara. Wanda ya shiga kasuwar yanzu ba zai ga kurmi ba, sai rumfuna da jama'a. Haka abin yake a ƙauyuka da dama masu sunan kurmi ko tafki waɗanda suka zama fili fetal. Mai nazarin gurgusowar hamada yana da abin koyo a nan, domin sunan yana shaida masa abin da idonsa bai tarar ba.

Itatuwa da noma

Wuraren da suka ɗauki sunan itatuwa suna da yawa. Akwai Rimi a Jihar Katsina da Rimin Gado a Jihar Kano, akwai Mai'aduwa kusa da Daura, akwai Magarya da Bagaruwa a Nijar, ga kuma Kurna a Kano. A Barno ma, birnin da Shehu Muhammadu el-Kanemi ya kafa a 1814, watau Kukawa, daga itaciyar kuka ya sami sunansa.

Dalilin wannan yana cikin yadda Bahaushe yake saran gona. Idan ya shiga daji da gatari ba ya kayar da kowace itaciya. Yakan bar kuka saboda miya da igiya, ya bar ɗorawa saboda kalwar da ake yin daddawa da ita, ya bar tsamiya saboda kunu, ya bar bagaruwa domin majema. Gawo kuwa yakan kaɗe ganyensa da damina ya tofo da rani, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, dabbobi kuma suna taruwa a gindinsa su bar taki. Itaciyar da aka bari ita ce takan zama alamar wurin. A gindinta ake hutawa, a nan 'yan koli suke baje kayansu, har a wayi gari an ce za a je Tsamiya ko za a je Kanya. Ke nan sunan itaciya a kan ƙauye yana nuna zaɓin da manomi ya yi tun ranar da ya fara sassabe.

Kalmomin da ake fara sunan wuri da su kuma suna bayyana irin zaman da aka yi. Tunga mazauni ce ta wucin gadi, ta manoma ko masunta, wadda daga baya takan zauna daram. Ta fi yawa a yammacin ƙasar Hausa da kewayen Yawuri, kamar Tungan Magajiya. Ruga ta Fulani makiyaya ce. Gandu kuwa babbar gona ce da ake nomawa tare, kuma a hannun sarakuna da attajirai ta zama gonar da bayi suke yi wa aiki. Gandun Albasa da Gandun Sarki a Kano suna tunatar da wannan tsari. Rinji ƙauyen bayi ne. Duk inda aka ji shi a sunan wuri, akwai tarihin da zuriyar wurin ba kullum suke son a tono ba, kuma wajibi ne mai bincike ya yi tambaya da ladabi.

Sana'a da fatauci

Maƙera da Marina da Majema da Masaƙa sunaye ne da ake samu a garuruwa da yawa, kowanne yana nuna aikin da ake yi a wurin. Haka kuma Karofi, wurin rini. Wasu wurare sun ɗauki sunan abin da ake sayarwa, kamar 'Yantumaki a Jihar Katsina da 'Yankaba a Kano. Wasu kuwa sun ɗauki ranar cin kasuwa, kamar Talatar Mafara.

Zango shi ne wurin da ayari yake sauka. Idan aka bi zangunan da ke kan taswira, za a iya zana hanyoyin fatauci na dā, daga Zangon Daura a arewa zuwa Zangon Katab a kudu, har zuwa ƙasar Gwanja inda fatake suke sayen goro a Salaga. Ta wannan hanya kalmar ta shiga Gana, inda har yanzu ake kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙi na Kumasi da Ankara da sunan zango.

Ɗafin -awa yakan nuna asalin waɗanda suka kafa wuri. Ƙauyuka da unguwanni masu suna Agalawa ko Tokarawa na fatake ne waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa. Gobirawa da Adarawa suna nuna ƙaura daga Gobir da Adar. A birnin Kano akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa, a Yola kuma akwai Wuro Hausa, watau unguwar Hausawa da harshen Fulatanci.

Yaƙi da ƙaura

Ƙarni na 19 ya bar sunaye masu yawa. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshensu ya kafa Sabon Birni. Hare-haren Maraɗawa daga arewa da na Ningawa daga kudu sun tilasta wa manoma su taru a bayan kafi ko garu. Daga nan ake da sunaye irin su Kafin Hausa da Kafin Maiyaƙi da Kafin Madaki da Garun Malam. Garin da ake rubutawa Keffi ma, Kafi ne. Wasu garuruwa sun ɗauki sunan shugaban da ya kafa su, kamar Ƙauran Namoda, da kuma Abuja, wadda Abu Ja na sarakunan Haɓen Zazzau ya kafa a 1828. Bayan da aka zaɓi yankin don sabon babban birnin tarayya a 1976, birnin ya karɓi sunan, tsohon garin kuwa ya koma Suleja.

Suna yakan yi ƙaura tare da mutane. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya wuce gabas da jama'arsa har Sudan. Garin da suka kafa kusa da Sinnar ana kiransa Mai Wurno, watau yana ɗauke da sunan ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a cikinsa a 1837.

Da hare-hare suka ƙare a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka fita daga ganuwa suka koma kusa da gonakinsu. A lokacin ne sunaye masu farawa da Gidan da Unguwar da Sabon Gida suka yawaita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo tashoshi da Sabon Gari da Tudun Wada, hanyar mota kuma ta kawo irin su Kwanar Ɗangora da Mararrabar Jos. Sunaye kamar Yalwa da Nasarawa da Daɗin Kowa fata ne na masu kafa wuri.

Abin lura ga mai bincike

Ba kowane bayanin suna ake karɓa ba. Mutane sukan ƙaga labari domin ya dace da lafazin suna, kamar yadda ake cewa Kwantagora daga "kwanta gora" ta fito, ko Kaduna daga jam'in kada. Irin wannan ruwaya tana da amfani, amma sai an gwada ta da harsunan waɗanda suka riga Hausawa zama a wurin, kamar Gwari da Kambari, kafin a yanke hukunci.

Wata matsalar ita ce ta rubutu. Turawan Ingila sun rubuta Tsafe da Chafe, Sakkwato da Sokoto, na Faransa kuma sun mai da Dogon Dutse Dogondoutchi, Tasawa kuma Tessaoua. Idan magatakarda ya zubar da lanƙwasar ƙ ko ɗ, ma'anar suna takan ɓace.

Kammalawa

Ma'aikatan ƙananan hukumomi da na safiyo da na ƙidaya su ne suke rubuta sunayen ƙauyuka a takardun hukuma, abin da suka rubuta kuwa shi yake zama. Ya kamata su rubuta kowane suna yadda mutanen wurin suke faɗarsa, idan kuma an sake wa wuri suna a ajiye tsohon a rajista tare da sabon. Ɗalibi kuma yana iya farawa daga gundumarsu: ya jera ƙauyuka da kufai da fadamu, ya zauna da dagaci da dattawa, ya rubuta wanda ya kafa kowane wuri da inda ya fito da abin da ya tarar. Dattawan da suka san waɗannan amsoshi suna raguwa kowace shekara, kuma babu wani girgam da aka ajiye su a ciki.