Ƙasar Dendi

Dendi yanki ne da ke bakin kogin Kwara, inda iyakokin Nijar, Benin da Najeriya suka haɗu. Manyan garuruwansa sun haɗa da Gaya, Malanville, Karimama da Kamba.

Kyangawa ne mazaunan farko da aka sani a yankin, kuma harshensu na dangin Mande ne. Bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai a Tondibi a 1591, Askiya Nuhu ya janye zuwa Dendi, ya ci gaba da yaƙarsu daga can. Daga baya fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro sun riƙa ratsa yankin. A yau yawancin Kyangawa Hausa ko Dendanci suke magana.