Ayrton Senna: Direban da Ruwan Sama Ya Fito da Gwanintarsa

Ayrton Senna da Silva ɗan ƙasar Birazil ne, an haife shi a birnin Sao Paulo ranar 21 ga Maris, 1960. Ya ɗauki kambun gasar tseren motoci ta Formula 1 sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, duk da motar kamfanin McLaren. Ya lashe tsere 41, kuma sau 65 yana samun gurbin farko a layin tashi, wato shi ne ya fi kowa sauri a zagayen gwaji.

A wannan gasa sau da yawa ƙarfin injin mota ne ke raba gardama. Idan aka yi ruwa kuwa, titi yakan yi santsi, taya ta rage kama ƙasa, feshin ruwa ya rufe wa direba gani, sai fifikon inji ya ragu, aiki ya koma hannun mai riƙe da sitiyari. A irin wannan yanayi ne Senna ya yi suna. An san shi da taɓa totur kaɗan-kaɗan a tsakiyar kwana, yana auna iyakar abin da tayoyi za su iya ɗauka kafin su zame.

A shekararsa ta farko, 1984, ya tashi a matsayi na 13 a tseren Monako da motar Toleman, wadda ba ta cikin manya. Ana tsuga ruwa ya yi ta wuce na gabansa har ya kai na biyu, yana ƙara matsar Alain Prost na Faransa, sai aka dakatar da tseren. A 1985 ya sami nasararsa ta farko a Estoril ta ƙasar Fotugal da motar Lotus, nan ma cikin ruwa.

Tseren Donington na Ingila a 1993 shi masana suka fi kafa hujja da shi. Senna ya tashi na huɗu, ya faɗo na biyar, amma kafin zagaye na farko ya cika ya wuce Michael Schumacher da Karl Wendlinger da Damon Hill da Prost. Ya gama da ratar fiye da minti ɗaya.

A gida Birazil a 1991, giyoyin motarsa suka lalace, ya ƙarasa zagayen ƙarshe da giya ta shida kaɗai. Ya yi nasara, amma tsananin gajiya ya sa sai da aka taimaka masa ya fito daga motar.

Ranar 1 ga Mayu, 1994, motarsa ta Williams ta kauce a kwanar Tamburello da ke Imola a Italiya, ta daki bango. Ya rasu yana da shekara 34, kwana ɗaya bayan Roland Ratzenberger ya rasa ransa a wannan fili. Birazil ta yi zaman makoki na kwana uku. Hukumar FIA ta tsaurara dokokin kariya, aka gyara kwanoni masu haɗari, aka ƙarfafa mazaunin direba. Shekara 20 suka wuce kafin wani direba ya sake yin haɗarin da ya zama ajalinsa a tseren gasar, wato Jules Bianchi a Japan a 2014.