Hotunan jiragen yaƙi da na soja tsakanin Takoradi da Kufra, 1940-1944

Gabatarwa

Mai binciken tarihin yaƙin duniya na biyu a yankinmu yana da tushe ukku: takardun mulki, bakin tsofaffin soja, da hotuna. Biyun farko mun saba tuhumarsu. Hoto kuwa akan karɓe shi ba gardama, wai gani ya kori ji. A cikin wannan ɗan nazari za mu nuna cewa hoton yaƙi takardar gwamnati ne kamar kowace, yana da mai shi da manufa, kuma wanda bai tambayi waɗannan ba zai rubuta tarihin ƙarfe ya bar na mutane.

1. Hanyar Takoradi

Bayan faɗuwar Faransa da shigar Italiya yaƙi cikin watan Yuni na 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su can, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy (Njamena), Alfashir da Hartum har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Yawanci Blenheim guda ke yin jagaba, ƙananan Hurricane na biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Hotunan wannan aiki suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan. A cikinsu ana ganin leburori baƙar fata suna fidda gangar jirgi daga akwati ko suna tura ta. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto yakan faɗi irin jirgin daki-daki, mutanen kuwa a dunƙule su cikin kalma guda, ƴan ƙasa. Ba suna, ba gari, ba maganar lada.

2. Cadi da Faransa ta Dagol

Ran 26 ga Agusta 1940 gwamna Félix Éboué ya kai Cadi ga Janar Dagol. Daga nan Leclerc ya ratsa hamada ya ci Kufra, a kudancin Libiya, ran 1 ga Maris 1941, da mutum wajen 400, kusan kashi ukku cikin huɗu ƴan Afirka. Jiragensu kaɗan ne, Lysander da Blenheim. Ɗaya daga cikin Blenheim ɗin ya ɓace a Fabarairu na 1941 yana komowa daga Kufra, ba a ga gawarsa da ta matuƙansa ba sai 1959.

A 1941 George Rodger na mujallar Life ya ɗauki hotunan sojan Dagol a Cadi, daga 1942 kuma Germaine Krull ta yi wa ofishinsu na Barazabil aikin hoto. A nan sojan Afirka yana tsakiyar hoto, domin buƙatar ita ce a nuna wa Landan da Amurka cewa Dagol yana da ƙasa da runduna. Da buƙata ta sake, hoto ya sake. A 1943, lokacin da ake kafa rundunar tankoki ta biyu a arewacin Afirka, an janye sojoji baƙar fata daga cikinta, abin da Faransawa ke kira blanchiment. Shi ya sa hotunan shigar Leclerc Paris cikin Agusta na 1944 ba su nuna sojojin Afirka baƙar fata da suka ci Kufra. Hoton bai yi ƙarya ba, an dai tace rundunar kafin a ɗauke shi.

3. Ina Nijar?

Ɗalibin da ya nemi Damagaram ko Yamai cikin kundin hotunan Dagol na 1940 zuwa 1942 zai sha wuya. Dalili siyasa ce. Nijar tana ƙarƙashin Dakar, inda gwamna janar Pierre Boisson ya bi gwamnatin Vichy har Nuwamba na 1942. Jiragen Takoradi suna wucewa ta Kano, kudu da mu kaɗan, amma iyaka ta raba sansani biyu masu gaba.

Sai dai sojan Afirka ta Yamma da aka ɗiba a 1939 da 1940, har da ƴan Nijar, sun faɗa gaban wata na'urar, ta Jamus. Masu hoton rundunar Hitila sun ɗauki fursunoni baƙar fata a Faransa a 1940 don su wulaƙanta su, su kuma nuna cewa Faransa ta lalace. Ke nan sojan Afirka ya fito sau ukku: lebura ga Ingila, hujja ga Dagol, abin ba'a ga Jamus.

Kammalawa

Muna ba da shawara kada a sa hoton yaƙi cikin kundin digiri sai an amsa tambaya huɗu: wa ya ɗauka, don wa, wa ya rubuta bayanin, wane ne ke tsaye a gefe. Taskokin Landan da na sojan Faransa da ke Ivry sun sa hotuna da yawa a intanet, samunsu ya yi sauƙi, amma bayanin shi ne dai na da.

Akwai taska ta huɗu a gidajen Damagaram, Maraɗi da Tawa: hoton tsohon soja cikin kaki, a bango ko a ƙasan adaka. Shi kaɗai ke da suna da gari da dangi. Masu hoton kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansu sun tsufa, gara da damina kuma ba su jira. Aikin gaggawa da ke gaban sashenmu shi ne a bi gidajen nan, a kwafi hotunan, a rubuta sunayen tun akwai wanda zai iya faɗinsu.