Daga alƙali mai sanduna zuwa Mma Ramotswe

Tun da littattafan Mma Ramotswe suka shigo akwatin littattafan ƙungiyarmu a nan Belel, gardama ba ta ƙare ba tsakanin masu aro. Wasu sun ce ba komai a ciki sai shan shayi da hira. Wasu kuma, musamman iyayenmu mata da ake karanta wa ana fassara musu, sun ce a ƙaro sauran. Kafin mu zauna kan kuɗin littattafai na bana, mun ga ya dace mu waiwaya mu ga inda gardamar ta samo tushe.

Labarin bincike ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya ji labarin alƙalin da ya raba wa waɗanda ake zargi da sata sanduna masu tsawo ɗaya, ya ce ta ɓarawo za ta ƙara tsawo kafin gari ya waye. Da dare ɓarawo ya datse tasa, da safe aka gane shi. Ba bulala, ba jini, hankali kawai aka yi aiki da shi. Irin wannan mai bincike muka fara sani, dattijo wanda ya san halin mutane.

Bindiga daga baya ta shigo. A shekarun 1970 da 1980 'yan sakandare suka rungumi James Hadley Chase, littafi ɗaya yana yawo hannu zuwa hannu har bangonsa ya cire. Chase Baturen Ingila ne, littafinsa na farko ya fito a 1939, kuma yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, alhali bai zauna a can ba. A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters, aka samu labaran laifi da sunayen garuruwan Afirka. Da Hausa kuwa, a 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Mu mutanen bakin iyakar Kamaru ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Daga nan masu karatu da yawa suka ɗauka labarin bincike bai cika ba sai an ga gawa.

Marubucin Mma Ramotswe, Alexander McCall Smith, an haife shi a Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe ta yanzu a 1948. Ya koyar da shari'a a Jami'ar Edinbara, ya kuma yi aiki a Jami'ar Botswana. Littafin farko, The No. 1 Ladies' Detective Agency, ya fito a 1998, yanzu jerin ya wuce ashirin, har BBC da HBO suka mayar da shi fim a 2008. Mma Ramotswe ta sayar da shanun da mahaifinta Obed ya bar mata, ta buɗe ofishin bincike a Gaborone. Shi Obed a ramukan ma'adinai na Afirka ta Kudu ya yi ƙuruciyarsa, ƙura ta cinye masa huhu, abin da ya samu ya zuba a shanu. Da aka zo nan a karatu, wani dattijonmu mai kai dabbobi kasuwar Mubi ya ce ai wannan mutumin ɗan uwanmu ne.

Dubi ƙarar da aka fara ba da labarinta a littafin farko. Wani tsoho ya zo gidan wata mata ya ce shi ne ubanta da ya ɓace, ya baje yana ci yana sha. Mma Ramotswe ta sa kayan ma'aikaciyar jinya, ta je ta ce masa 'yarsa ta yi hatsari, sai an ɗebi jininsa mai yawa, kuma yana iya mutuwa. Nan take ya ce shi ba ubanta ba ne. Wannan ai alƙalin sanduna ne ya dawo da ɗankwali. (Sakatariyarta Mma Makutsi, mai alfahari da maki 97 da ta ci a makarantar koyon sakatariya, ita ake tsokanar ofishinmu da ita, mun kuwa karɓa.)

Masu suka suna da hujja, ba za mu ɓoye ba. Wani malamin makaranta cikinmu ya ce Bature ne ya zana Afirka mai laushi don 'yan uwansa su ji daɗi. Ya ce a shekarun da aka fara rubuta jerin, cutar ƙanjamau tana kwasar mutane a Botswana, amma littattafan da kyar suke kiran sunanta. Gaskiya ne. Sai dai a littafin farko akwai yaron da aka sace don tsafi, marubucin bai kauce masa ba. Kuma waɗanda ke zargin Smith da baƙunta ba mu taɓa jin sun zargi Chase ba, shi da ya rubuta Amurka daga nesa.

Abin da muka lura da shi, shekaru ne suka raba masu ra'ayin, ba ilimi ba. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta kama Mubi, tashin hankalin ya gangaro har Maiha, mutane suka watsu zuwa Yola da Kamaru. Samarin da suke ƙanana a lokacin su ne ke neman littafi mai harbi. Waɗanda suka goya su suka gudu da su kuwa, su ne ke aron Mma Ramotswe sau biyu sau uku. Wata uwa cikinmu ta ce ta ji ƙarar bindiga ta ishe ta, ba za ta bari a karanta mata wata da daddare ba. A ganinmu, littafin da ake gano gaskiya a cikinsa kuma kowa ya koma gida ya kwana, bai cancanci a ce masa ba komai a ciki ba.

Shawarar da za mu kai wa zama mai zuwa ita ce a sayi littafi na biyu da na uku na jerin, a kuma nemo Turmin Danya domin samari. Wanda yake riƙe da littafin farko, don Allah ya dawo da shi, mutum huɗu na jira.